Idan dokar kare bayanai ta yi laushi, wa ke cin riba?

Tambaya: Malam, na ji ana cewa Turai na shirin sassauta dokar kare bayanan sirri. Ni da ba a can nake ba, ina ruwana?

Amsa: Da ruwanka, ɗan'uwa. Dokar ita ce GDPR, wadda ta fara aiki a Tarayyar Turai ranar 25 ga Mayu, 2018. Ta wajabta wa kamfani ya faɗa maka abin da yake tarawa a kanka, ya ba ka kwafi idan ka nema, kuma a yanayi da dama ya goge idan ka ce a goge. Kamfanoni ba sa son wahalar gina manhaja iri biyu, don haka wasu daga cikin waɗannan damammaki suka iso wayar kowa. Ƙasashe irin su Brazil ma da ita suka yi koyi wajen rubuta tasu.

A watan Nuwamban 2025 Hukumar Tarayyar Turai ta gabatar da shawarar gyara. Ciki har da taƙaita abin da za a lissafa a matsayin bayanan mutum, da sauƙaƙa amfani da su wajen horar da ƙirƙirarriyar basira. Hujjarsu ita ce a rage wa kamfanonin Turai nauyi su iya gogayya da Amurka da Sin. Lauyan nan ɗan Austiriya, Max Schrems, wanda ya sha maka Facebook a kotu, yana cikin masu adawa. Ni ma ina tare da shi, domin wanda ya fi tarin bayanai shi zai fi morar sassaucin, kuma ba ƙananan kamfanoni ne ke da tarin ba.

Amurka kuwa ba ta da doka guda ta tarayya da ta haɗe wannan fanni, sai dokokin jihohi irin na Kalifoniya. A 2017 majalisar ƙasar ta soke ƙa'idar da za ta tilasta wa masu sayar da intanet neman izini kafin su yi kasuwanci da tarihin shafukan da mutum ya shiga.

Tambaya: Amma ai ana cin su tara mai yawa. Hakan bai isa ya tsorata su ba?

Amsa: Mu yi lissafi. Bayan badaƙalar Cambridge Analytica, kamfanin da ya kwashi bayanan masu amfani da Facebook ba da izininsu ba, wadda ta shafi mutane har miliyan 87, hukumar kasuwanci ta Amurka ta ci tarar Facebook dala biliyan 5 a 2019. A 2023 hukumar kare bayanai ta Ireland ta ci tarar Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, yuro biliyan 1.2. Kuɗi ne masu kauri a kunne, amma a shekarar 2023 ɗin kaɗai Meta ya yi cinikin sama da dala biliyan 130, kusan duka daga talla. Irin wannan tara kamar ɗibar ruwa ne da cokali daga kogi.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda iko ya taru a hannun mutane ƙalilan. Mark Zuckerberg, shugaban Meta, na riƙe da wani nau'in hannun jari mai ƙuri'a 10 kowanne, don haka ko sauran masu jari sun haɗa kai ba za su iya tsige shi ba, ga Facebook da Instagram da WhatsApp duk a ƙarƙashinsa. Elon Musk ya sayi Twitter sukutum kan dala biliyan 44 a 2022. A bikin rantsar da Donald Trump na Janairun 2025, su biyun da Jeff Bezos na Amazon da Sundar Pichai na Google suna zaune kusa da iyalan shugaban. Wanda ke samun irin wannan kujera ba ya jiran a gama rubuta doka kafin a ji ta bakinsa.

Tambaya: Malam, ni uwa ce, yarana kullum suna kan waya. Me zan taɓa a cikinta?

Amsa: Hajiya, fara da izinin da aka ba manhajoji. Shiga saitin waya, ki duba waɗanda ke ganin wurin da kike, da lambobin mutanenki, da makirfo. Wasan yara ba shi da hurumin sanin inda suke kwana. A Android akwai lambar talla da ake bin sawunki da ita, kuma sababbin wayoyi na ba da damar goge ta a sashen sirri. Manhajar da aka daina amfani da ita, cire ta. Ki sani kuma WhatsApp na kulle abin da kika rubuta, amma lambarki da nau'in wayarki da lokutan da kike amfani da shi ba a ɓoye suke ga kamfanin ba.

A iPhone, kashe damar da manhajoji ke da ita ta neman bin sawunki. Apple ya kawo wannan tsari a 2021, kuma Meta da bakinsa ya ce zai jawo masa asarar kusan dala biliyan 10 a 2022, ninki biyu na tarar da Amurka ta ci shi. Sai dai ba majalisa ce ta kafa tsarin ba, shawarar kamfani ce, kuma kamfanin na iya sauya ta a sabuntawa ta gaba. Saboda haka duk lokacin da wayar ta sabunta kanta, ki koma saitin ki sake dubawa.