Kafin Ki Zargi Masu Kitson Instagram, Ina Littafinki?

Tambaya: Assalamu alaikum Hajiya. Ni mai kitso ce a gida, a cikin birnin Kano, na daɗe ina yi. Shuku da zane nakan karɓi naira 1,500 zuwa 2,000, ƙananan kalaba 4,000. Sai in ga 'yan matan Instagram da TikTok suna sa kitso 25,000, idan da ƙarin gashi har ya haura 100,000, kuma wallahi hannunsu bai fi nawa ba. Shin kuɗin nan da suke karɓa adalci ne, ko cutar mutane suke yi? Na kusa kwasar adashen 400,000, ina so in sayi babbar waya da fitilar ɗaukar hoto, in biya wata mai mabiya da yawa ta tallata ni. Kullum cikin kitso nake amma ban san inda kuɗin yake tafiya ba, ga 'yan uwa da maƙwabta da nake jin nauyin yi musu ciniki.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah Ya sa wa sana'a albarka. Abin da ya kamata ki fara da shi kin ajiye shi a ƙarshen wasiƙa kamar ba komai ba: ba ki san inda kuɗinki yake tafiya ba. Ke da ba ki san nawa kai ɗaya yake ci miki ba, da wane ma'auni za ki auna farashin wata?

Bari in sallami 'yan Instagram tukuna, don na san su ne suka tsaya miki a rai. Idan kin ga an rubuta 100,000 ko fiye, yawanci kuɗin gashin ne ya cinye kaso mafi tsoka. Gashin doki irin su X-pression da Darling, da kike gani jibge a Sabon Gari, roba ce, kuɗinsa da sauƙi. Gashin mutum kuwa daga Indiya da Biyetnam ake tattaro shi, akasari a sarrafa shi a China, kuma da dala ake shigo da shi. Dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024. Ki ɗora hayar shago a irin su Zoo Road ko Wuse 2 a Abuja, da man janareto tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, da albashin yara biyu ko uku, da kuɗin talla. Kuma mai shagon ba kitso kaɗai take sayarwa ba. Sanyin ɗaki, kujera mai kyau, alƙawarin ƙarfe goma ya zama ƙarfe goma, duk suna cikin kuɗin. Wadda ta ga farashi a rubuce ta tura kuɗinta da hannunta, ba a cuce ta ba. Ciniki yarda ne.

Cuta tana nan, amma a wani wurin take. A gauraya gashin mutum da na roba a sayar miki a matsayin tsantsa, sai kin sa masa zafi ya ƙanƙance. A karɓi kuɗin hannun uwar shago, kina zuwa a miƙa kanki ga 'yar koyo. A sa hoton aikin wata a ce nata ne. A gama rabin kai sannan a ce wanki da busarwa kuɗinsu daban. A karɓi kafin alƙalami, ita ta saɓa lokaci, kuma ta ce ba a mayarwa. Wannan ha'inci ne ko da naira 2,000 aka biya. To na amsa miki. Mu dawo gidanki.

Ɗauki ƙananan kalabar nan ta 4,000. Mu ce awa biyar take cinye miki, in gashin mai cika ne har shida. Cire man kitso da gel, cire abin da kika ba yarinyar da ta taya ki tsifa ko ƙarasa jela, cire ruwan sanyi da abincin rana, don na san ba za ki ci ki bar wadda kike yi wa kitso tana kallonki ba. Da ƙyar ki tsira da 2,500. Raba biyar: 500 a awa. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne, wanda idan aka raba shi da awannin aikin wata ya kama kusan 400 a awa. Wato gwaninta irin taki, da ciwon baya da sagewar yatsu, da ɗari ɗaya kacal kika fi wanda aka ɗauka aiki jiya. Wannan ma fa idan an biya ki ke nan.

Ga ƙanwar miji ta zo da 'ya'yanta uku ranar Asabar, ranar da ta fi kowace ciniki. Ga maƙwabciya mai "zan aiko yaro da shi anjima". Ga 'yar yayarki da za ta je biki. Kin zauna tun hantsi har la'asar, an ce "sannu da aiki, Allah Ya bar zumunci", an yafa mayafi. Ba na hana ki kyauta, zumunci ba abin wasa ba ne. Amma kyautar da kika san kin yi daban take da wadda ta zube miki ba ki sani ba. Da kina rubutawa, da kin ga cewa a kai talatin na wata, wataƙila goma ba su kawo ko sisi ba.

Na san wata da ta yi irin abin da kike shirin yi. Hannunta zinari ne, zanenta kamar an ja da rula. Ta kwashi adashe ta sayi waya, ta biya aka tallata ta, kuma tallar ta ci. Mako biyu ana layi a tsakar gidanta. Sai dai da tsohon farashinta ta fita, wanda ba ta taɓa lissafawa ba, ga sababbin masu zuwa suna son a sayo musu kayan kitso "a haɗa da kuɗin". Tana sayowa a sabon farashi tana caji da na bara. Aiki ya ninka, ta ɗauko yara biyu, abin da ya rage a hannunta bai kai na da ba. Zubin adashe bai tsaya jiranta ba. Kafin Babbar Sallah wayar ta koma kasuwar waya ta Farm Centre a rabin kuɗinta. Talla ba ta gyara farashin da yake da ɓaraka, mutane kawai take ƙaro miki su zo su ci arha.

Kuma ki daina yi wa rogo kallon kitse. Mabiya dubu ɗari ba kai dubu ɗari ba ne, akwai masu sayen mabiyan ma. Wadda kike ganin tana watsa bidiyo kullum, mai yiwuwa kai uku ta yi a makon nan ta yanka su gida goma. Ba kya ganin ranar da mai shago ya zo karɓar haya.

Akwai kuma abin da ba ki ambata ba. Manyan kuɗaɗen da suke ruɗar ki na ƙarin gashi ne, alhali yawancin matan da suke zama a gabanki ba sa yin sa saboda hadisin da ya hana. Ko masu sassautawa a kan zare da ulu suke tsayawa. Kasuwarki ta gashin kai ce: amare, masu jego ranar suna, 'yan makaranta, kitson Sallah. Kada ki gina lissafi a kan kasuwar da ba taki ba.

Ki sayi littafi mai bango mai ƙarfi yau ɗin nan. Kowane kai layi ɗaya: wace ce, wane kitso, ƙarfe nawa aka fara aka gama, me kika kashe, nawa aka ba ki, nawa ya rage. Wanda kika yi kyauta ma ki rubuta kuɗinsa, ki sa "kyauta" a gefe. Kuɗin kitso ya samu asusunsa daban, ko OPay ne ko Moniepoint, kada ya haɗu da na cefane. In maigida bai bar kuɗin miya ba kika ɗauka a ciki, rubuta shi bashi ne.

Bayan wata ɗaya za ki ga wane kitso ne yake ciyar da ke, wane ne kike ciyarwa. Ina kyautata zaton shuku da zane, masu ƙarewa cikin awa ɗaya da rabi, sun fi kalabar da kike taƙama da ita riba. Daga nan sai ki yanke wa awarki kuɗi, ki rubuta farashi a kwali ki manna a inda ake zama. Kwali ba ya jin kunyar kowa, ke ce kike ji. Wasu za su gudu, ki bar su, galibi masu "zan aiko" ne. 'Yan uwa ki ware musu rana ɗaya a tsakiyar mako, ki gaya musu da fara'a cewa Juma'a da Asabar da makon Sallah na masu biya ne. Amarya kuwa ta ba da rabi kafin ki riƙe mata rana, ke ma ki cika alƙawari.

Kuɗin adashen kada ki taɓa su yanzu. In ya zama dole ki kashe wani abu, kujera mai jingina da madubi babba da fanka mai caji sun fi waya amfani a gare ki da masu zama a gabanki. Wayar hannunki ta isa: ki zaunar da wadda kika yi wa kitso a bakin ƙofa da hasken safe, ki ɗauki kan ta baya ban da fuska, da izininta, ki sa a status ɗin WhatsApp tare da farashi. Idan littafin ya cika wata uku, ki turo min jimillar kowane wata, mu duba ko kalabarki za ta ɗauki 7,000 ko 8,000 a unguwarku, sannan mu yi maganar talla.