Tambaya da Amsa: Me zan tambayi masu neman aikin gina mini shafin intanet?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da atamfa da leshi a Kantin Kwari, ina son ɗaukar wanda zai gina mini shagon intanet ya kuma riƙa kula da shi. Mutum 14 ne suka turo takardu, kowa ya ce ya iya komai. Ni kuwa iyakacin sanina WhatsApp. Me zan tambaye su ranar ganawa? Hajiya, daga Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara buɗi. Ki ajiye takardun nan gefe tukuna. Na taɓa ɗaukar wani matashi saboda tulin satifiket ɗinsa, muka yi mako uku maɓallin biyan kuɗi bai yi aiki ba. Tun daga nan na daina tambayar "me ka karanta", sai dai "nuna mini".

Kowa ya buɗe miki shafin da ya taɓa ginawa, amma a wayarki, da datarki. Masu sayen atamfarki da waya za su shigo, wasu daga inda sabis ke ɗaukewa yana dawowa. Idan hotuna suna sauka kamar ana jan guga daga rijiya gaba dubu, kin ga aikinsa. Sannan ki tambaye shi wane ɓangare ne nasa, domin da yawa aikin taro suke nunawa.

Inda na fi daɗewa da mai neman aiki shi ne maganar kuɗi. Akwai Paystack, kamfanin da ke karɓar wa shaguna kuɗi ta intanet. Ki ce masa: "Turmi na Naira 5,000 ne, wane adadi za ka tura wa Paystack?" Wanda ya taɓa haɗa shi zai yi murmushi ya ce 500000, saboda da kwabo Paystack ke lissafi. Wanda ya ce 5000, Naira 50 zai sayar miki da turmin. Ki ƙara da cewa ta yaya shafin zai tabbatar kuɗi sun shigo? Amsar da nake so ita ce sai ya sake tuntuɓar Paystack daga sabar shafin, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kai, kafin a saki kaya. Ke da kika san alat na bogi a kasuwa, wannan ba sai na yi miki dogon bayani ba.

Ga wani ɗan tarko namu na gida: ya rubuta "Ƙofar Ɗan Agundi" a gurbin adireshi, ya ajiye, ya sake buɗewa. Idan Ƙ da Ɗ suka koma alamar tambaya, bai saita rumbun bayanansa a kan UTF-8, wato tsarin rubutun da ke gane irin waɗannan haruffa, ba. Haka nan in kika ce abokin ciniki ya manta kalmar sirri, ya ce zai duba masa, ki sallame shi cikin mutunci. Ba a ajiye ta yadda wani zai iya karantawa, sabuwa ake sa mutum ya zaɓa.

Ki tace su zuwa uku, ki ba su ƙaramin aiki na awa biyu, ki biya su ladan lokacinsu. Ni ba na hana amfani da ChatGPT, manhajar nan da ke rubuta wa mutum abin da ya nema (in ma na hana, za su yi). Abin da nake yi shi ne in nuna layi ɗaya a cikin umarnin kwamfutar da ya rubuta in ce ya bayyana mini aikinsa, sannan ya ƙara kuɗin aike zuwa Maraɗi a gabana. A wannan zaman ki samo wanda ya san harkar ya zauna kusa da ke.

Kafin ku tashi, ki tambaya da sunan wa za a yi rajistar adireshin shafin. Hukumar NiRA ce ke kula da masu ƙarewa da .ng, kuma wanda sunansa ke kan rajista shi ne mai shago. Na ga ɗan kasuwar da ya saɓa da yaron da ya gina masa shafi, washegari ya rasa mabuɗin shafin da ya biya da kuɗinsa. Sunanki da imel ɗinki za a sa, Hajiya, kuma a rubuta hakan a takardar yarjejeniya.