Amsa ga Yaya Hajiya kan saƙon manja da ɓerayen gwaji

Assalamu alaikum. Yaya Hajiya, na saurari tambayarki kan saƙon da aka turo cewa an ciyar da ɓeraye manja, kitsen jininsu ya hau, ko mu daina sa shi a miya.

Wannan irin bincike ya daɗe. A 1913 wani likita ɗan Rasha, Anichkov, ya riƙa ba zomaye kolestarol, wani nau'in kitse da ke yawo a jini, narke a cikin mai, sai maiƙo ya taru a bangon manyan jijiyoyinsu. Da aka gwada haka a ɓera da kare, sakamakon bai zo ɗaya ba, domin zomo ganye yake ci, jikinsa bai saba da kolestarol na abinci ba, shi kuwa ɓera hantarsa na saurin mayar da shi ruwan ɗaci ta fitar. Ƙari kuma, ɓera yana ɗauke da yawancin kolestarol ɗinsa a nau'in HDL, wanda ake kira mai kyau, mu kuwa namu ya fi yawa a nau'in LDL, wanda ake kira mara kyau. Saboda haka ne a 1992 masana suka samar da ɓerayen da aka cire musu ƙwayar halittar ApoE, wadda ke taimakawa wajen kwashe kolestarol daga jini, don cutar taruwar maiƙo a jijiyoyi ta kama su yadda take kama mutum.

Abin da nake so ki tambaya kullum shi ne: me aka zuba a kwanon dabbar gaba ɗaya? A gwaje-gwaje da yawa kashi 45 zuwa 60 cikin 100 na ƙarfin abincin daga kitse yake, a wasu har da kolestarol da sukari, kuma shi kaɗai dabbar za ta ci makonni. Babu gidan da ake tuƙa tuwo haka a Gombe. Sukari shi kaɗai yana ɗaga wani nau'in kitsen jini a ɓera, wake kuma yana taimakawa wajen saukar da kolestarol.

Gaskiya ne mai irin wanda yake daskarewa, kamar man shanu da kitse da manja, ya fi man gyaɗa ɗaga kolestarol. Amma ni, Yaya, wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne man da ake maimaita suyar ƙosai da awara da shi har ya yi baƙi, domin ɓerayen da aka ciyar da irinsa an ga kitsen jininsu da hawan jininsu sun fi na waɗanda suka ci sabon mai. Ki rage ludayin manja a miya, wancan baƙin man kuma ki zubar.