Ku Tambaya Mu Amsa: Wai yaya ɗanɗanon giyar Märzen ta Jamusawa yake?

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonni uku ne suka shigo kusan a kan abu ɗaya, kaka ta kama a Jamus, shaguna sun cika da kwalaben giyar biki, masu karatunmu da ke can kuma ido ya gani baki ya kasa shiru. Sai na haɗa su waje ɗaya.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni ɗalibi ne a Munik, watana huɗu da zuwa. Tunda Satumba ta kama duk shagon da na shiga sai in ga an jera kwalabe an rubuta Märzen, abokan karatuna sai zuzuta ta suke wai ɗanɗanon burodi gare ta, ni dai ban taɓa sha ba kuma ba ni da niyya amma abin ya tsaya min a rai, ta yaya ruwa zai yi ɗanɗanon burodi? Sannan an ce min ma'anar sunan watan Maris ne, to me ya kawo Maris cikin Satumba?

AMSA: Ɗan'uwa sannu da karatu, Allah ya ba da sa'a. Bari in fara da sunan tunda shi ne mai sauƙi. März shi ne Maris da Jamusanci. A 1553 aka kafa doka a Bavariya, yankin da Munik take ciki, cewa ba a dafa giya sai tsakanin 29 ga Satumba da 23 ga Afrilu, saboda in zafi ya shigo giyar lalacewa take, ta yi tsami, ga kuma tsoron gobara daga manyan murhunan da ake dafawa a kai. To kai in kai ne mai sana'ar ya za ka yi? Sai suka riƙa dage wa a watan Maris, su dafa mai yawa kuma mai ɗan ƙarfi yadda za ta jure ajiya, su jera gangunan a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da kogunan dutse, su jibga ƙanƙarar da suka sassaro daga tafkuna lokacin hunturu. A sha a hankali har zafi ya wuce, ragowar da ta kai Satumba da Oktoba ita ce ta fi daɗewa a kwance, ita ce ta fi nuna. Kalmar lager ma da kake gani a jikin kwalabe daga nan ta fito, lagern ajiyewa kenan. Har bishiyoyin nan masu faɗin ganye da ka ga an shuka a lambunan shan giya na Munik asalinsu inuwa ake nema wa ɗakunan ajiyar da ke ƙasa.

Yanzu maganar burodi. Ni ma ba mashayi ba ne, in faɗa maka tun da wuri, amma na taɓa bin wani zagayen kallo a wata masana'antar giya a Bavariya kuma a nan na gane abokanka ba ƙarya suke ba. Mai yi mana jagora ya kawo ƙananan kwanoni uku da ƙwayoyin sha'ir a ciki ya ce kowa ya ɗiba ya tauna. Sha'ir ɗin ba ɗanye ba ne, tsiro ne: an jiƙa shi kamar kwana biyu, an baza shi ya fara tsirowa, kafin ya yi nisa aka busar da shi da iska mai zafi. Shi suke kira Malz. Na kwanon farko fari ne, an busar da shi a wajen digiri 80, ka tauna ka ji kamar busasshen biskit mara suga. Na biyu wanda ake danganta shi da birnin Viyana ya ɗan fi duhu, ya fi gardi. Na uku shi ne na Munik, an kai shi digiri 100 ko sama kaɗan, wallahi ina fasa ƙwayar da haƙori sai na ji sak ɓawon burodin da aka fito da shi daga tanda yanzu-yanzu, wannan gefen da ya yi ja amma bai ƙone ba. Kuma ba abin mamaki ba ne, abin da wuta ke yi wa bayan burodi shi take yi wa ƙwayar, sukari da sinadarin gina jiki su haɗu a cikin zafi su ba da launi da ƙamshi. Märzen kuwa da na biyu da na ukun nan ake gina ta. To ka ga ruwan ai dole ya ɗauko.

Wasu masana'antun har yau suna bin tsohuwar dabara, bayan an niƙa tsiron an dama da ruwan ɗumi sai a ɗebi wani kaso mai kauri a tafasa shi daban sannan a mayar cikin tukunya, aiki ne mai cin lokaci da wuta amma masu yi sun ce shi ke ƙara mata zurfi. An ba mu ruwan da aka tace daga nan muka kurɓa, lokacin ba a sa yisti ba balle barasa ta samu, ɗumi-ɗumi, zaƙi kamar an narka zuma a ruwan burodi, har yana kama leɓe.

Ita kanta giyar, na ga an zuba wa na kusa da ni na kuma shinshina, sannan daga baya na sayi irinta wadda aka cire wa barasa gaba ɗaya na zauna da ita a nutse. Launi dai tagulla ne, ja-ja-ja mai haske, garau, in ka ɗaga kofin wajen taga kana hango yatsunka ta ciki. Kumfar ba fara fat ba ce, ta ɗan yi ruwan madara, tana da kauri kuma in ta sauka tana barin zane a jikin gilas. Ƙamshin ba ya dukan hanci, sai ka kai kusa, gasasshen burodi ne da ɗan wani abu kamar biskit. Kurɓin farko zai yaudare ka, a bakin harshe za ka ji laushi da alamar zaƙi ka ce toh ga lemo, kafin ka gama tunanin gardin gashin ya cika baki, sannan can wajen maƙogwaro wani ɗan ɗaci siriri ya biyo baya ya share komai, bakinka ya koma wasai kamar ba ka sha abu mai zaƙi ba. Wannan sharewar ita ce duk fasahar. Mutane da yawa suna jin an ce giya mai tsiro sai su zaci zaƙi, a'a, ƙamshin zaƙi ne da cikar baki, amma shi sukarin, yisti ya cinye mafi yawansa. In ka ji tana manne wa harshe kamar alewa, ko tana ƙauri kamar ƙonannen kofi, to masu abin za su ce maka an kauce hanya.

Ɗacin daga wani koren fure yake zuwa da suke kira Hopfen, yana fitowa a jikin wata shuka mai yaɗo da ake ɗaga wa a kan dogayen wayoyi, in ka bi hanyar arewa da Munik ta yankin Hallertau za ka ga gonakinsa ido bai kai ƙarshe ba. Na murza ɗaya a tafin hannu, wani gari rawaya mai danƙo ya fito, ƙamshi kamar ciyawa da yaji-yaji. A Märzen kaɗan ake sawa, ɗan rakiya ne kawai. Kuma ba za ka ji ƙamshin ayaba ko kanumfari ba irin na giyarsu ta alkama, saboda yistin lager a sanyi yake aiki, wajen digiri 8 zuwa 12, a hankali, ba ya barin warinsa, bayan nan a kwantar da ita makonni a sanyin da ya kusa daskarewa.

Abu ɗaya da na lura, da na fito da tawa daga firij ban ji komai ba sai sanyi da iska, na ma fara cewa an cuce ni, sai waya ta shigo na manta da ita kamar minti goma, da na dawo sai ga burodin ya farka. Sanyi in ya yi yawa rufe ƙamshin yake. Waɗanda suka san ta asalin sun ce min tawa ta fi tsinkewa, ta gaskiyar ta fi cika baki kuma tana barin ɗan ɗumi a ƙirji, wanda aikin barasar ne.

TAMBAYA: Malam ni kuma na raka ƙawayena filin Oktoberfest kallo, duk rumfar da muka leƙa giyar da na gani a manyan kofunan nan rawaya ce kamar zinare, ba ja ba. Ko dai ba ita ba ce?

AMSA: 'Yar'uwa idonki bai yi ƙarya ba. Oktoberfest, babban bikin giyar nan na Munik, ya samo asali ne daga ɗaurin auren Yarima Ludwig da Gimbiya Therese a 12 ga Oktoba 1810, aka yi sukuwar dawaki a filin da har yau ake kira Theresienwiese da sunan amaryar, mutanen gari kuma su ce Wiesn a taƙaice. Jar Märzen ta shiga bikin ne a 1872 ta hannun Josef Sedlmayr, wanda ya yi ta a kan salon Viyana, kuma ta riƙe filin kusan shekara ɗari. Daga shekarun 1970 aka fara juyawa zuwa wata mai haske wadda ba ta cika ciki da wuri, dalilin ai a fili yake, mai rumfa so yake a ƙara kofi na biyu da na uku, zuwa shekarun 1990 ita ta mamaye ko'ina. Ita ce Festbier. Har yanzu tsiro ne a gaba, sai dai in ja ɓawon burodi ce to wannan cikin burodin ne, fari mai laushi. Masana'antu shida na cikin Munik kaɗai ke da izinin sayarwa a filin: Augustiner, Hacker-Pschorr, Hofbräu, Löwenbräu, Paulaner da Spaten. Abin dariyar shi ne in kin je Amurka kika ga kwalba an rubuta Oktoberfest galibi jar za ki samu, su suka riƙe tsohon yayi, masu abin sun yi gaba.

TAMBAYA: Salam Malam. A wurin aikinmu a nan Jamus za a yi ɗan taron kaka, an ce za a tanadar min alkoholfrei tunda ba na shan giya. Da gaske babu komai a ciki? Kuma ɗaya suke da Malzbier da yara ke sha?

AMSA: Wa alaikumus salam. Yauwa, gara da ka tambaya kafin ranar. A Jamus in an rubuta alkoholfrei, wato mara barasa, ba lallai barasar sifili ba ce, ana yarda ta kai har kashi 0.5 cikin ɗari. In kana son wadda babu, nemi wadda aka buga 0,0% ɓaro-ɓaro a gaban kwalbar, da waƙafi suke rubutawa ba ɗigo ba, kuma ka juya bayan kwalbar ka karanta da kanka kar ka dogara da an ce. Hanya biyu aka fi bi wajen yin ta, ko dai a tsayar da yistin tun bai yi nisa ba, wannan takan fito da zaƙi-zaƙi da ɗanɗanon ɗanyen tsiro, ko kuma a bar ta ta nuna sarai sannan a janye barasar da na'ura, wannan ta fi kama da ta asali. Batun halacci kuwa ba fagena ba ne, malamai sun yi magana a kai kuma ba bakinsu ɗaya ba musamman kan wadda ta fara zama giya kafin a cire, sai ka kai wa malamin da ka natsu da shi wannan bayanin yadda na ba ka shi.

Malzbier daban take, za ka fi ganin an rubuta Malztrunk a kwalbar, baƙa-baƙa ce mai zaƙi sosai don ana ƙara mata suga, ɗaci kusan babu. Tsiro ɗaya ne uban su duka amma ita lemo ce, wanda ya sha ta ya ce ya san ɗanɗanon Märzen bai sani ba, don wancan sharewar ta ƙarshe da na faɗa wa ɗalibinmu a sama babu ita sam. Ita ma ka duba bayanta.

Sannan tunda za ka zauna da masu sha, ga wani lissafi da zai yi maka amfani in an zo neman wanda zai tuƙa mota. Giyar bikin nan, ja ko rawaya, tana kai kashi 6 cikin ɗari, ta fi ta yau da kullum mai kashi 5, kuma laushinta ke ɓoye ƙarfin. Babban kofin nan mai hannu da suke kira Maß lita ɗaya cur yake ci, wato mililita 60 na tsantsar barasa kenan, alhali kwalbar rabin lita ta kullum 25 ce a ciki. Abokin aikinka da zai ce maka ai kofi ɗaya kawai na sha, ya fi kwalba biyu a cikinsa, karɓi makullin.