Amsa daga Makka: auren zumunci, haihuwa da lafiyar 'ya'ya

Hajiya, kin tambaya ko gaskiya ne mu Hausawan da muka daɗe a Makka da Jidda da Madina ba ma auren bare, kuma ko hakan na jawo mana rashin haihuwa da yara marasa lafiya, tunda ke ma ana maganar ba ɗan yayanki 'yarki. Rabin maganar gaskiya ne. Auren gida yana da yawa a cikinmu, kuma da dalilinsa. Wanda kakanninsa suka ratso Sudan a ƙasa zuwa aikin hajji suka zauna, danginsa 'yan kaɗan ne, su ya sani, su ya yarda da su. Mai takardar ɗan ƙasar Saudiyya ba ya auren wadda ba ta da ita sai da izinin hukuma, kuma izinin na cin lokaci. Ga tsadar sadaki da zauren biki, wanda kawu kan sassauta wa ɗan 'yar'uwarsa. Larabawan da muke zaune da su ma haka suke, don bincike ya nuna fiye da rabin aurensu tsakanin dangi ne. Tuwona maina a nan ba abin tsayawa kallo ba ne.

Halaccinsa ba ja a kai. Aya ta 23 ta Suratun Nisa'i ta jero matan da aka haramta, babu 'yar kawu ko 'yar goggo a ciki, aya ta 50 ta Suratul Ahzab kuma ta ambace su cikin halattattu. Abin da ya canza a wurinmu shi ne tsari. Tun 2004 ba a rubuta aure sai an kawo takardar gwajin jini na sikila da talasimiya (wata cutar ƙarancin jini da ake gado), a 2008 aka ƙara cuta mai karya garkuwar jiki da ciwon hanta nau'in B da C. Idan sakamakon ango da amarya bai dace ba, a kira su asibitin ba da shawara, a yi musu bayani. Ba a hana su aure, zaɓi nasu ne. Dokar gwajin lafiya kafin aure da Kano ta sa wa hannu a 2024 ta biyo wannan sawun.

Lissafin kuwa ga yadda yake. Kowane mutum yana ɗauke da wasu 'yan ƙwayoyin gado masu lahani, suna kwance ba sa yi masa komai, saboda kwafin da ya samu daga ɗaya mahaifin lafiyayye ne. Cuta na fitowa ne idan yaro ya karɓi mai lahanin iri ɗaya daga uwa da uba. Taubasai, ko 'ya'yan wa da ƙani, sun yi tarayya a kashi 1 cikin 8 na gadonsu, don kakanninsu ɗaya. A ma'auratan da ba dangi ba, jarirai 2 zuwa 3 cikin 100 ake haifa da babbar matsala ta halitta. A irin waɗannan dangin adadin kan kai 4 zuwa 6. Ya ninka, amma mafi yawan yaran lafiya lau suke, shi ya sa kowa ke da misalin gidan da aka yi auren zumunci ba abin da ya faru.

Inda muke ganin wahala shi ne maimaici. Wa da ƙani su auri ya da ƙanwa, sannan a haɗa 'ya'yansu: waɗannan tarayyarsu kashi 1 cikin 4 ce, daidai da ta 'yan uba. Haka idan iyaye taubasai ne, kakanni ma taubasai, aka sake ƙullawa a jikoki. A irin gidajen nan ake samun kurame biyu ko uku a ɗaki ɗaya, ko jariran da ake haifa garau, bayan 'yan kwanaki su daina kama nono, su yi ta amai da barci har rai ya yi halinsa. Wani abin da iyayenmu ke kira wabi na iya zama irin wannan: jikin jaririn ba ya iya sarrafa wani sinadari da ke cikin nono. Don haka asibitocin nan ke tsira wa jariri allura a diddige cikin kwanakinsa na farko, a ɗiga jinin a kan wani kati a tura ɗakin gwaji. Wasu cututtukan, kamar ƙarancin aikin maƙoƙo, idan aka gano su a makon farko magani kaɗan ne ke tsare ƙwaƙwalwar yaro.

Sikila kuwa, a daina ɗora wa zumunci laifinta gaba ɗaya. Kusan mutum 1 cikin 4 a Najeriya AS ne, saboda haka auren bare ba ya tsirar da kowa. AS da AS, kowane ciki yana da kashi 25 cikin 100 na zama SS, 50 AS, 25 AA. Kowane ciki lissafinsa daban. Haihuwar SS ɗaya ba ta nufin uku masu zuwa sun tsira, kuma wannan kuskuren ya cuci gidaje da yawa. AS da AC ma suna iya haifar SC, wani nau'in sikila. Mu a nan muna da ƙarin abin lura, don muna auratayya da mutanen Jizan da Yaman da sauran wurare masu talasimiya. Mai ɗauke da ita gwajin gama-gari na iya nuna shi AA, alhali idan ya auri AS za su iya haifar yaro mai ciwo irin na sikila. Ana gane shi ne da ƙididdigar ƙwayoyin jini, a ga jajayen ƙanana ne, sannan a auna HbA2, wani sinadari na jajayen ƙwayoyin jini, a ga ya haura 3.5 cikin 100. Wanda aka yi wa ƙarin jini cikin wata uku da suka wuce ya dakata, don jinin wani zai ruɗa sakamakon.

Batun haihuwa shi ne inda zargin ya fi rauni. Binciken da aka yi a ƙasashe da dama bai nuna cewa dangi sun fi bare rashin haihuwa ba, sau da yawa ma 'ya'yansu sun fi yawa, saboda suna aure da wuri. Abin da ya ɗan ƙaru shi ne mutuwar jarirai. Idan shekara ta cika ba ciki, a duba abin da ake dubawa ga kowa: maniyyin miji, fitar ƙwan mace, toshewar bututu. Matar da ake cewa jininta bai haɗu da na mijinta ba, tana ta asarar ciki bayan haihuwar fari, a duba ko rukunin jininta mai alamar ragi ne, nasa mai alamar tarawa. Wannan ba ruwansa da zumunci, allurar anti-D ce rigakafinsa, a mako na 28 na ciki da kuma cikin awa 72 bayan haihuwa ko ɓari.

Game da 'yarki, Hajiya, ki ɗauki takarda ki zana gidan har zuwa kakanninki: wa ya auri wa, wa ya rasu yana jariri, ina kurma, ina makaho tun yarinta, ina wanda bai yi magana ko tafiya a kan lokaci ba. Tsofaffin mata za ki tambaya, su ke riƙe da lissafin 'ya'yan da ba su rayu ba. Gwajin jinotayif ba ya ganin waɗannan, takardar nan ce za ki kai wa likitan yara idan kin ga abu ya maimaitu. Gwajin kuma a yi shi a wurare biyu daban, kafin a kai kuɗin gaisuwa. A nan mun ga yadda wasu ke zuwa gwaji bayan an kama zaure an raba katin gayyata, a ce musu bai dace ba, su sa hannu su wuce, don janyewa a lokacin ɓata zumuncin da ake son ƙullawa ne. Idan komai ya yi daidai, ta fara shan folik asid mikrogiram 400 kullum, aƙalla wata guda kafin ta tare, ta ci gaba har ciki ya cika wata uku.