Amsa: Intanet ɗina ya yi nauyi bayan na koma Ubuntu

Ɗan'uwa, ka ce a Windows intanet ɗinka yana gudu, amma tun da ka ɗora Ubuntu (tsarin Linux mai tafiyar da kwamfuta kamar Windows) a kwamfutar sai ya koma jan ƙafa. Kafin komai, gwada wayarka a kan wannan wayafai ɗin. Idan ita tana gudu, to laifin ba na rawuta (na'urar da ke ba da wayafai) ba ne.

Abin da na fi zargi shi ne tsarin tsimin batir. Ubuntu yakan rage wa katin wayafai ƙarfi don caji ya daɗe. Ni ma ya taɓa wahalar da ni, hoto ɗaya sai ya riƙa buɗewa layi-layi ina zaune ina kallo. Buɗe wannan fayil: /etc/NetworkManager/conf.d/default-wifi-powersave-on.conf. Za ka ga wifi.powersave = 3. Mayar da 3 ɗin 2, ka adana, ka sake kunna kwamfutar.

In bai gyaru ba, rubuta umarnin lspci a taminal (tagar da ake rubuta umarni) ka ga sunan katin wayafai ɗinka. Idan na kamfanin Broadcom ne, shiga Additional Drivers a Ubuntu ka saka direbansa (manhajar da ke sarrafa katin), amma ka jona kebul na intanet tukuna.

Kuma duba ko a zangon wayafai na 2.4 GHz ka haɗu, don 5 GHz ya fi sauri in kana kusa da rawuta. Turo mana abin da lspci ya nuna maka.