Ku Tambaya Mu Amsa: Bakin Teku Ko Ruwan Wikki?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Zariya, na ɗan yi tanadi ina so in fita da iyalina a hutun Disamba, yara uku ne babbansu shekara 11. Su sun dage sai bakin teku a Legas saboda abin da suke gani a TikTok, wani abokina kuma ya ce in kai su Yankari. Wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malam, Allah Ya ƙara buɗi. Gaskiya ni dai Yankari zan ce maka, kuma ba don kishin Arewa ba. Tekun Legas ba kamar dam ko kogin da muka saba da shi ba ne, igiyar ruwa in ta bugo gaɓa ruwan sai ya koma, to wajen komawar yakan tattaru a wani ɗan siririn layi ya riƙa gudu zuwa ciki da ƙarfin tsiya, mutum yana tsaye ruwa iya cinyarsa sai kawai ya ji yashi na zamewa a ƙarƙashin ƙafarsa, kafin ya ankara an yi ciki da shi. Gwanayen iyo ma yana cinye su, balle yaranmu da yawancinsu ba su taɓa koyon iyo ba. Ruwa ba sa'an kwando ba ne Malam. Wanda ya iya iyo in ruwan ya ja shi kar ya ce zai yi kokawa da shi kai tsaye zuwa gaɓa, gajiya zai yi, gefe ake bi har a fita daga layin sannan a juyo.

In har sun matsa sai Legas ɗin, to ka nemi Tarkwa Bay, ruwanta ya fi kwanciya saboda shingen duwatsun da ya kare ta, amma da jirgin ruwa ake zuwa, kar kowa ya shiga sai da rigar kariya. Bar Beach da iyayenmu ke ba da labari babu ita yanzu, an cike wurin an kafa Eko Atlantic. Sauran kuma galibi sai ka biya kuɗin shiga, ranar Asabar da Lahadi ga kiɗa ga shaye-shaye, ba lallai ka so yaranka su gani ba.

Yankari kuwa, wato gandun namun daji, tana ƙaramar hukumar Alkaleri a jihar Bauchi, an kafa ta a 1956 aka buɗe wa jama'a a 1962, gwamnatin tarayya ta karɓe ta a 1991 sannan ta dawo hannun jiha a 2006. Daga Bauchi za ka bi hanyar Gombe ka ratse a Dindima zuwa ƙofar Mainamaji, daga ƙofar ma akwai tafiyar sama da kilomita 40 cikin daji kafin masaukin Wikki, don haka ka sha mai sosai kuma ka yi tafiyarka da rana, ka tambayi mutanen Bauchi halin da hanya take ciki kafin ka taso.

Ruwan Wikki shi ne abin zuwa. Daga ƙarƙashin wani dutse yake ɓuɓɓugowa, garai-garai har kana hango yashin ƙasa da yatsun ƙafarka, ɗuminsa na nan wajen digiri 31 dare da rana, rani da damina, ka ga a hunturun Disamba da ake rawar ɗari ai ba a magana. Tsawon wurin wankan kamar mita 200 ne, kusa da dutsen akwai zurfin da zai shanye babban mutum, can ƙasa kuma ruwan bai da zurfi, nan za ka tsaya da yara kuma idonka a kansu. Babu igiya, babu abin da zai fizge su. Sai dai birai! Gwaggon birin Yankari ba ya tsoron mutum, in ka ajiye ledar burodi ko ka bar ƙofar ɗaki a buɗe ya ɗauke, ka hana yara ba su abinci ko tsokanarsu. Ganin giwa da ɓauna da gwanki sa'a ce, an fi dacewa daga Fabrairu zuwa Afrilu lokacin da ciyawa ta bushe dabbobi suna taruwa a kogin Gaji, a Disamba kar ka yi wa yara alkawarin giwa.

Tambaya: Salam. Ina Gombe, mahaifiyata tana fama da ciwon gwiwa shekara da shekaru, an ce mana ruwan Wikki yana warkar da sanyin ƙashi. Gaskiya ne? Kuma mace za ta iya wanka a wurin ba tare da ta yi tsiraici ba?

Amsa: Allah Ya ba Hajiya lafiya 'yar'uwa. Ruwan ɗumi yana sassauta jijiya, kuma a cikin ruwa nauyin jiki ba ya sauka a kan gwiwa shi ya sa mutum yake jin sakayau, amma sauƙi ne na ɗan lokaci, ba ya gyara gwiwar da ta riga ta cinye. Don Allah kar ta ajiye maganin asibiti saboda wannan, in tana da hawan jini ko ciwon zuciya ku fara jin ta bakin likitanta. Ki kuma sani gangara ake yi ta matakala kafin a kai ruwan, saukar da hawan zai iya ba ta wuya, a samu mai riƙe ta.

Batun sutura kuwa wurin a buɗe yake maza da mata, to ku je tsakiyar mako da sassafe, ku kauce wa hutun Sallah da Kirsimeti da wurin ke cika maƙil. Riga mai dogon hannu da dogon wando da ɗan ƙaramin hijabi sun wadatar, zani da babban hijabi kam a'a, suna shan ruwa su yi nauyi su naɗe ƙafa.

Tambaya: Ni ina unguwar Sabo a Ibadan, Bauchi ta yi min nisa. Babu irinsa kusa da mu?

Amsa: Akwai Alhaji, Ikogosi a jihar Ekiti. Can ruwa biyu ne suke fitowa kusa da juna, ɗaya mai ɗumi ɗaya mai sanyi, su gangaro su haɗe, za ka iya sa ƙafa ɗaya a wannan ɗaya a wancan. Akwai masauki da wurin iyo da aka gina, amma ka kira su ka ji farashi kafin ka kama hanya don kuɗin ɗaki yana canzawa.